Na Manta Sunan Mutanen Mijina

Mene ne sunan mutanen mijina? Tambayar da jikata ta yi mini ke nan, ita ce kuma take rubuta wannan, don ni ban yi karatu ba. Sunan kuwa na manta shi.

Da ƙuruciyata na zo Hajji, na maƙale a Jidda ina tuyar ƙosai a unguwar Karantina. A lungunmu akwai mai sa wa alhazai haƙorin Makka. Shi ya sa mini nawa, muka saba har muka yi aure. Ba ya wasa da salla, amma Larabawa Nawari suke ce masa, wasu su ce Gajari, in ya shiga shago a riƙa bin hannunsa da ido. Mutanenmu kuwa Balarabe suka ɗauke shi, har ana cewa na yi sa'a. Ranar da wata maƙwabciya ta gaya mini zagi ne sunan nan Nawari, da shi Larabawa suke tsorata yara, kunya ta rufe ni. Ni da nake kuka in an ce mini Takruniya, sunan rainin da ake wa irinmu baƙaƙe, na dawo na hana shi yi wa 'ya'yanmu yarensa, na ce a ce daga ƙasar Sham yake, halas, shi ke nan. Ya ce waɗancan sunayen bare ne suka laƙaba musu, suna da nasu, ya faɗe shi. Na ce kada in ƙara ji. Bai ƙara ba. Danginsa a bakin titi yake ganinsu, har suka daina zuwa.

Yanzu an rushe Karantina, muna cunkushe a ɗaki ɗaya a unguwar Sharafiyya, ba iƙama, wato takardar zama. Gida an manta da ni, nan ba a karɓe mu ba, ƙofar dangin uban kuma ni na rufe ta. Wata likita 'yar Najeriya ta ce a Turai Roma ake kiran irinsu, amma ba shi na ji a bakinsa ba. Kullum harshena na kan haƙorin nan ina laluben sunan, ina hawaye.

'Yan uwana mata, kada zagin titi ya sa ku raba yara da asalinsu. Ni sai da ciwon ajali ya kwantar da mijina na roƙe shi ya maimaita mini sunan. Ya riƙe hannuna ya ce, "Bari in huta, Hajiya. Gobe ki tara yaran, su ji daga bakina."