Alhaji a Lamba Tara

Bakina ne ya ja mini, wannan ba na musu. Shekara da shekaru, duk Lahadi bayan Azahar muna taruwa a bayan shagon Alhaji da ke kan titin Gate City Boulevard a Greensboro ta Amurka, tsakanin buhunan shinkafa da jarkokin manja, muna kallon besbol, wasan ƙwallon da ake bugawa da sanda, a wata tsohuwar talabijin. Ni ne mai babbar murya. A wurina babu manajan ƙungiyar wasa da ya san aikinsa. Don me ya cire mai jifa alhali hannunsa bai gaji ba? Wane mai hankali ne zai sa gwaninsa ya yi bugu na shida? Akwai wani direban babbar mota, mutumin Damagaram, da kullum yake goyon bayan manaja don kawai ya ga jijiyar wuyana ta tashi. Alhaji ba ya sa baki, sai dai ya yi dariya ya ƙara mana shayi.

Alhajin nan shi ya ɗauko ni daga tashar bas ranar da na sauka garin. Wata takwas na yi a gidansa ina cin tuwon Hajiya. Da zan tashi na miƙa masa makullin da ya ba ni, ya ce in riƙe, gidan nawa ne. A ƙasar nan ba ni da uba sai shi.

Wata bazara jama'ar wani masallaci na East Greensboro suka gayyace mu wasan sada zumunci. 'Yan shago suka ce tunda na fi duk manajojin Amurka sani, ga takarda ga biro, in tsara jerin masu bugu. Alhaji ya saya mana riguna, kuma ya ce da shi za a buga, ga shekara sittin da 'yan kai, ga ciwon gwiwa.

Kwana uku ina rubutu ina sokewa. Tsarin ba ɓoyayye ba ne: mai gudu a farko, mai ƙarfin damtse a na huɗu, wanda ya fi kowa rauni a na tara, wato ƙarshe. Na sa Alhaji a na tara. Matata ta leƙa takardar ta tuna mini cewa ko suna ake yi ko walima, sunan Alhaji ake fara kira. Na ce mata wannan wasa ne, ba taron suna ba. Ta ce to, ta ci gaba da yankan albasarta.

A filin na tsaya gaban mutane na karanta da ƙarfi, kamar yadda nake ganin ya dace da manaja. Na fara da wani magidanci da a shekaru Alhaji ya haife shi ya haifi yayansa. Ina gangarowa ƙasan jerin, wurin yana ƙara yin tsit. Sai da na kai ƙarshe na tuna cewa ni da bakina na koya wa mutanen nan ma'anar lamba tara. Sau nawa na faɗa a shagon, a gaban Alhaji, cewa nan ne ake ɓoye rago?

Alhaji ya gyara hularsa ya ce, "To, madalla."

Mun ci wasan. Wannan shi ne abin da yake ƙona mini rai har yau. Tsarina ya yi aiki tiryan-tiryan, Alhaji kuma sau uku yana kai bugu yana dukan iska. Da na sa shi a farko da mun sha kashi, kuma mutanen nan ne za su cinye ni ɗanye.

Lahadin da ta biyo baya ba a ko kunna talabijin ba, ni ne manajan da aka baje a faifai. Wasu suka ce na yi daidai, wasu suka ce Amurka ta shiga kaina. Na yi ta bayani har muryata ta dushe. Alhaji yana gaba wajen kanta, bai leƙo ba, shayi ma wani ya dafa.

Da muka fito, mutumin Damagaram ya ja ni gefen motarsa. Karon farko ke nan da na ga ba tsokana yake yi ba.

"Malam, ba lambar ba ce," in ji shi. "Da ka je gida ka nuna masa takarda da sunansa a sama, shi da kansa zai ce ka mai da shi ƙasa saboda gwiwa. Sai ya zama shi ya ba ka. Kai kuwa a gaban yaransa ka karɓa."

Na ji haushi ƙwarai, don gaskiya ya faɗa, kuma ni ma na san wannan tun ina gida. Zuwa gidan Alhaji tafiyar minti goma ce a mota, ban yi ba.

Na je na ba da haƙuri. Alhaji ya ce ba komai, ai wasa ne, har Hajiya ta zubo mini tuwo. Na saki jiki na ci. Ya rako ni bakin mota muna hirar tsadar kaya, na shiga na tayar, sannan ya sunkuyo ta taga.

"Af, makullin nan na wurinka," ya ce. "Akwai baƙon da zai sauka makon gobe."

Na kashe motar, domin a zobe ɗaya yake da makullin motata. Ya yi shekaru a ciki, da ƙyar farcena ya ɓamɓare shi, Alhaji yana tsaye da hannu a buɗe yana jira.