Kaset ɗin Jidda da Alhaji Sani ya bari

Har yau ban manta da ranar da Alhaji Sani na Kalgo ya riƙe abin da ya daɗe yana nema a hannunsa, sannan ya mayar wa mai shi ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan a zamanin gyaran waya ba ku tarar da kaset da ƙarfinsa ba, don haka sai na ɗan yi muku shimfiɗa.

Aikina a rumfata ta kasuwar Gwandu iri biyu ne. Ina ɗaukar wa mutane karatu da tafsiri a kaset, ina kuma gyara wanda ya lalace. Ko bayan da memori ya cika gari, mutanen ruga ba su saki rikodarsu ba, saboda batiri kawai take ci, kuma dattijo ba ya buƙatar kowa ya kunna masa. Su suka riƙe rumfar.

Alhaji Sani daban yake cikin masu zuwa wurina. Tsohon makanikin injin ban ruwa ne, ya yi ritaya. Tun yana saurayi wani injiniya Bature da suka yi aiki tare a bakin gulbi ya bar masa kaset na wata ƙungiyar makaɗa ta Turai. Ba su da ganga, ba su da garaya, da na'urorin lantarki kawai suke kiɗansu. Daga nan ya shiga tara kaset-kaset ɗinsu. Abin da ya ɗaure mini kai da farko shi ne, kiɗa ɗaya zai saya sau da yawa. Ya bayyana mini cewa kowace ƙasa da irin bugunta: na Masar kwalinsa daban, na Indonesiya an sauya jerin kiɗan, na Gana hoton ma da hannu aka zana shi. Direbobin Yamai da 'yan kasuwar Kwatano duk sun san saƙonsa.

Ni ba na sauraron kiɗa, ya kuma sani. Nakan ce masa, "Alhaji, wanga abu da injin niƙa mi ya raba su?"

Shi kuma ya ce, "Malam Umaru, injin da ke da lafiya ai daɗin ji gare shi. Kai dai gyara mini, ban ce ka yi rawa ba."

Bugu ɗaya ne ya gagare shi, wanda aka yi a Jidda, mai shuɗin kwali da rubutun Larabci. Alhazai ne kan shigo da irinsa a da. Duk wanda zai tafi Umra sai Alhaji ya ba shi sallahu, duk su dawo hannu sake. Ya kwatanta mini shi har na haddace.

Wata ranar kasuwa cikin watan Sha'aban, wani makiyayi mai suna Buba, daga wata ruga kusa da Dalijan, ya zo ya kwance ƙulli a gabana. Kaset ne naɗe cikin tsumma mai tsabta. Rikoda ta cinye zaren, ya tsinke. Na ga shuɗin kwali. Na ɗaga na karanta rubutun kamar yadda nake karanta ajami, baƙi da wasali, na ji kalmar ba Larabci ba ce, ba Hausa ba, ba Fillanci ba. Da na maimaita ta a bakina sai na ji sunan makaɗan nan ne da Alhaji ke yawan faɗa.

Na tambaye shi, "Buba, mi ke ciki?"

Ya ce, "Muryar Baffa ce, Allah ya jiƙansa."

A nan ma sai na yi muku bayani. A da, wanda ya yi nisa da gida kuma bai iya rubutu ba, yakan sayi kaset mafi araha da ya samu, ko mene ne a cikinsa, ya toshe ƙananan ramukan da ke samansa da takarda, ya danna ɗauka, ya yi wa iyalinsa magana a kan kiɗan. Sai ya ba mai dawowa. Mahaifin Buba ya je aikin Hajji, ya zauna can yana kiwon tumakin wani Balarabe, can kuma ya rasu. Wannan ne saƙonsa na ƙarshe.

Ƙa'idar sana'armu ita ce, kayan da aka kawo maka amana ne, ba ka nuna wa wani sai da yardar mai shi. Na gaya wa Buba akwai wani dattijo da zai so ya ga wannan kaset, ya ce ba laifi. Na buga wa Alhaji waya, na kama aiki.

Na kwance kusoshin kwanson, na ɗaga marfin a hankali don kada faifan zaren su zube. Inda ya tattaure na shimfiɗa shi a kan gilashi, na lallashe shi da bayan cokali. Ban yanke komai ba sai ɗan abin da ya zama dole, domin kowane taƙi na zaren nan kalmar mamaci ce. Na haɗa bakin biyu, na manna siririn salatif ta baya, na naɗe da biro. Ina cikin ɗaure kusoshi Alhaji ya sauka daga kan mashin, hularsa a karkace.

Bai ko zauna ba. Ya goge hannuwansa a jikin riga, ya karɓi kwalin, ya juya shi gaba da baya. Ya ce, "Shi ne, Malam. Wallahi shi ne."

Ni kuwa na riga na shirya mafita, ina ganin ta wadatar da kowa. Na ce zan kwafe muryar a sabon kaset mai kyau, in ƙara sa ta a memori don kada ta sake salwanta, Buba ya tafi da su, Alhaji ya ɗauki tsohon. A wurinmu masu gyara, murya ita ce kaya, kwanso kuwa mazubi ne kawai. Alhaji ya ce zai haɗa wa Buba da sabuwar rikoda.

Buba ya sunkuyar da kai, ya ce, "To, Alhaji. Yadda kuka ce."

Na miƙa hannu zan ɗauko sabon kaset, sai Alhaji ya riƙe mini hannu. Ya yi shekaru yana aiki cikin makiyaya, ya san Bafillace ba ya duban idon dattijo ya ce masa a'a. Ya zauna a kan benci kusa da Buba.

"Ɗana, wa ke sauraronsa a gida?"

"Inna."

"Kullum?"

"Ran Juma'a, in ta yi wanka. Ita ke ɗauko shi da kanta cikin ƙwarya." Sannan ya ƙara da cewa, "Idonta ya yi rauni. Da shuɗin take gane shi. Takan ce hannun Baffa ya taɓa nan."

Alhaji ya daɗe yana kallon kwalin. Ni na san shekarun da ya yi yana nema, na kuma san in ya ce zai ɗauka, Buba ba zai hana ba. Sai ya mayar da kaset ɗin cikin kwalinsa, ya ɗora a kan cinyar Buba.

"Mai da wa Inna kayanta. Amma ina roƙon alfarma ɗaya. Ka bari mu ji shi sau ɗaya, in babu sirri ciki."

Buba ya ce babu. Dama dole in gwada gyarana, sai na sa shi a rikodar rumfa. Muryar dattijo ta fito, yana gaishe da mutanen ruga ɗaya bayan ɗaya da Fillanci, yana tambayar shanu da sunayensu, yana yi wa Buba, wanda a lokacin bai fara kiwo ba, nasiha da salla. Wurin da na haɗa ya wuce da ɗan ƙis kawai, na yi hamdala a zuciyata. Mahaifin Buba ya yi sallama, aka ji ƙarar maɓalli. Sai ga kiɗan da bai kai ga shafewa ba ya taso, tik-tik-tik, da wani sauti mai tashi sama kamar iska cikin bututu.

Alhaji ya rufe ido. Buba ya yi murmushi karo na farko, ya ce, "Nan Inna ta fi so bayan muryar. Ta ce kukan jirgin Makka ne."

Alhaji ya yi dariya har ya share hawaye da hannun riga. Ya ce, "Ka ce mata ta yi gaskiya. Kada wanda ya gyara mata."

Na kwafe muryar a memori duk da haka, na ba Buba ya ajiye saboda halin rikoda. Ya naɗe kaset ɗinsa cikin tsumma, ya yi godiya, ya shiga kasuwa. Da muka rage mu biyu na ce, "Alhaji, ba ka ko tambaye shi ya tuna da kai ba in wata rana Inna ta..."

Ya katse ni. "Subhanallahi, Malam Umaru. In zauna ina jiran mutuwar tsohuwa don kaset? Allah ya ja kwananta."

Har yanzu yana ba masu tafiya Umra sallahu, har yanzu bai samu ba.

Abin da na ɗauka daga ranar nan, na kuma so ku ɗauka, shi ne: mu masu gyara muna saurin cewa abin da ke ciki shi ne kaya. Alhaji da ya shafe shekaru yana tara kwali da kwanso ya san ba haka ba ne, shi ya sa ya gane tsohuwar da bai taɓa gani ba. Yau in mutum ya kawo muku tsohuwar waya mai fasasshen gilashi ya ce a gyara, kada ku yi saurin cewa ya sayi sabuwa ku kwashe masa abin da ke ciki. Ku fara tambayarsa ta wa ce.