Ranar Da Na Kira Mai Waƙa Ɓarawon Waƙarsa

Idan na manta da komai a duniya, ba zan manta da ranar sunan ɗana na fari ba. Ba don rago ko tuwon shinkafar da aka ci ba, a'a, don abin da bakina ya jawo wa gidanmu da hantsin ranar.

A zamanin Turawa ne, lokacin ina ƙuruciya. Ƙauyenmu yana bakin kogi, tsakanin Haɗejiya da Auyo, babanmu kuma masunci ne. Ni dai tun ina ƙarama ba mai yawo ba ce, ba na zuwa dandali. Duniyata tsakar gida ce, amma Allah ya ba ni kunne. In na ji waƙa sau ɗaya, ta zauna ke nan.

Akwai wata waƙar masunta da Gwaggona, yayar babanmu, take yi in tana niƙa. A hankali take jan ta, daidai da tafiyar dutse, kamar mai lallashin yaro. Waƙar matar masunci ce da take jiran miji. Akwai wurin da take cewa, “Ya ɗau gora ya ce giwan ruwa zai kawo, ya dawo da ƙarfasa uku da labarin kada.” Duk ranar da ta kai nan sai matan gida su fashe da dariya, babanmu kuma ya yi kamar bai ji ba. Da wannan waƙa na tashi, kuma ban taɓa shakkar cewa Gwaggo ce ta ƙirƙire ta ba. Wa zai gaya mini? Ban tambaya ba.

To, da na haihu, a gida nake wanka kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Kun san mai jegon fari ba a jin muryarta. Ko kallon jaririn ba ta yi a gaban mutane, sai sunkuyar da kai. Haka aka zaunar da ni a ɗaki, aka lulluɓe ni, ƙawaye sun kewaye ni.

Babanmu kuwa, don murnar jika, ya aika har Haɗejiya aka ɗauko wani makaɗin masunta mai gurmi. Kowa na son mutumin nan, kowa kuma na tsoronsa, domin in ya yi maka zambo, har jikokinka sai sun ji a bakin yara. Bayan an raɗa suna an watsa goro, ya zauna a ƙofar gida da 'yan amshinsa. Tsakaninsa da ɗakin da nake, zana ɗaya ce.

Yana taɓa gurmin na gane ta. Waƙar Gwaggo! Amma wayyo, ya kwashe ta da gudu kamar kura ta biyo shi. Babu matar masunci, babu ƙarfasa uku, sai kirarin maza, wane ya kama wuyan kada, wane ya tsallake dorina. Na daure, na daure, na kasa. Ban san lokacin da na yaye lulluɓi ba.

Na ce, “Kai, wannan wane irin ɓarawo ne? Ya sace waƙar Gwaggo, kuma ko iya ta bai yi ba!”

Ashe daidai lokacin ya tsaya jan numfashi. Maganata ta fita tar, har bakin zaure.

Wata ƙawata ta toshe mini baki, ta ce, “Kin kashe mu! Waƙarsa ce fa, shi ya yi ta tun ba a haife ki ba!” Inna ta shigo tana salati, ta ce, “'Yar nan, yau wa ya aike ki? Mai jegon fari da baki haka?” Ni kuwa na ja lulluɓina na rufe fuska. Na san in mutumin nan ya tashi da fushi, kafin kasuwa ta sake ci sunan babanmu ya shiga waƙa, kuma ba zai ƙara zama cikin masunta da daɗin rai ba.

Muna jin babanmu yana ba da haƙuri, yana cewa yarinya ce, zafin jego ne. Sai makaɗin ya ce, “Maigida, bar haƙurin nan tukuna. An ce na yi sata. To mai kayan ta fito da kayanta mu ji. In nata ya fi, na yafe. In bai fi ba, gurmina ya san hanyar gidan nan.”

Aka juya ana neman Gwaggo. Tana bakin murhu tana kwasar tuwo, ko a jikinta. Ta ce, “Ni ba na waƙa a tsaye kamar maroƙiya. In yana son ji, a kawo mini dutse.” Wallahi haka aka yi. Ranar suna, gida cike da baƙi, aka jawo dutsen niƙa jikin zana, aka zuba mata gero, ta durƙusa.

Ta fara a hankali. Muryarta ba wata mai zaƙi ba ce, ta ɗan dushe, amma tana shiga jiki. Can sai muka ji gurmi ya biyo ta daga waje, a sannu, yana laluben tafiyar dutsen. Da ta kai kan ƙarfasa uku da labarin kada, sai ƙofar gida ta ɓarke da dariya. Masunta suna nuna juna, kowa na cewa da wane ake. Makaɗin kansa sai da ya saki gurmi yana tari.

Da ya sami kansa ya ce, “Baiwar Allah, ni na haifi waƙar nan, amma a gidan nan aka yi mata tarbiyya. Kin ba ni baitin ƙarfasan nan in tafi da shi?”

Gwaggo ta ce, “Ɗauka mana. Ni da na ɗauki taka, sallama na yi maka?”

Babanmu ya tsira, ni ce ban tsira duka ba. Kafin mutumin ya tashi sai da ya ɗan ja gurmi ya gai da “mai jego mai kunnen zomo, wadda ba ta san kunya ba sai gaskiya.” Shekara da shekaru matan ƙauyenmu suna tsokanata da shi a bakin rijiya.

Daga baya na ji waƙar nan a bakin mutane da yawa. 'Yanmata sun yi ta da tafi, masu tuƙa jirgi sun yi ta da sanda, kowa da yadda yake lanƙwasa ta. Har yau ta Gwaggo na fi so, ba kuma zan ɓoye ba. Amma tun ranar na koyi cewa abin da ka buɗe ido ka tarar a gidanku, ba lalle a nan aka fara shi ba. Yanzu in na ji baƙuwar murya ta ɗauko waƙar da na sani, sai in kama bakina in tambaya tukuna, ta wane ne.