Sunan da Bappayo Bai Taɓa Kira Ba

Duk unguwar Madaki an san Bappayo direba da abu biyu: bai taɓa jefa motar gwamnati a rami ba, kuma ba a taɓa ganin hawayensa ba. Shekara goma sha takwas yana jan Landirobar ma'aikatar gona, yau Dukku gobe Kumo. Fulako kuwa, wato kunyar Fulani, ya ɗauka ya ɗora a ka kamar shi kaɗai aka bar wa gado. Ɗansa na fari, tun ranar suna bai taɓa kiran sunansa ba. "Kai" ne, ko "wancan". In yaron ya shigo zaure, sai uban ya kau da kai, wai kunya.

Da aka biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji, gari ya haukace, har da masu sayen firji a gidan da ba lantarki. Bappayo ya sayi babur sabo fil. Don ɗan ya saya, amma ina bakin faɗa? Ƙanin yaron ya ba makulli, ya ce a miƙa wa wancan. Wata huɗu yaron yana hawa, motar auduga ta banke shi a hanyar Bauchi, yana da shekara ashirin da biyu.

A zaman makoki Bappayo ya zauna ƙyam, idonsa a bushe. Jama'a suka yi ta cewa namijin duniya, haka ake son uba. Sun yaba, sun tafi gida sun ci tuwonsu. Shi kuwa tun daga lokacin, da babur ya gifta sai hannunsa ya kama rawa a kan sitiyari. Ya sha rubutu, ya yi hayaƙi, a banza. Ranar da ya tsaya cik a tsakiyar titin Tudun Wada da babban jami'i a mota, aka karɓe makulli. Aka ce ba zai sake tuƙi ba sai da takardar asibiti.

Likita ya auna shi bai ga komai ba, ya tura shi wani ɗaki a ƙarshen baranda, wurin Sista Janet, 'yar Kaltungo, wadda ta yi kwas a kan ciwon damuwa. Bappayo ya leƙa, ya taɓe baki. Ba allura, ba kwalba, kujera biyu kawai da fanka.

"Sannu Baba, zauna. Nan hira muke yi."

"Hira? 'Yar nan, in hira ce magani, da 'yan tasha ba sa ciwo. Sa mini hannu in tafi."

"Zan sa, amma ba yau ba. Yaushe rawar hannun ta fara?"

Ya ba ta amsa guntu-guntu, yana kallon fanka. A ransa yana cewa lallai gwamnati kuɗin mai ya yi mata yawa, har mai tambaya ake biya albashi. Yarinyar da a haife ya haife ta, ita za ta tone cikin dattijo? Ta dai bi shi a hankali har suka iso kan babur. Ya ce na wani yaro ne a gidansa, ya rasu, Allah ya yi masa rahama, shi ke nan.

"Wane yaro?"

"Na farin."

"Me sunansa?"

Bappayo ya yi mata kallon wadda ba ta da tarbiyya. "Mu ba ma faɗa. Ku tambayi uwarsa."

"Ita tana faɗa?"

"Ɗan farinta ne ita ma, ta yaya za ta faɗa?"

"To Baba, wa ke kiransa a gidan?"

Ya buɗe baki zai ce kakarsa, sai ya tuna tsohuwar ta riga yaron tafiya. Ƙannen kuwa Hamma suke ce masa, wato yaya. Ashe tun da aka binne shi ba wanda ya ambaci sunan a gidan, kuma wannan ne abin da gari ke yaba masa. Ya ji haushin masu yabon, ya fi jin haushin kansa. Shekara ashirin da biyu yana da ɗa, ya ƙare su wajen kau da kai.

Sista Janet ta ajiye biro. Can waje wani babur ya wuce, hannun ya soma rawa. Bappayo ya danne shi da ɗayan, ya dubi ƙofa, ya ce, "Jibrilla."

Da ƙarfi ya faɗa, yadda ake kiran yaro daga zaure. Sannan ya karkata kunne, yana jira a amsa.