Ba Ƙafarsa Ba Ce

Jama'a, yau motar marigayi Yaya Mamman ta tona mini asiri a daji!

Tun rasuwarsa, yau ne na fara fita da tsohuwar kat-kat ɗinsa, motar shiga rairayi, ni kaɗai. Daga Tenhya zan koma Tanout. Da na fita daga rairayi na hau ƙasa mai tauri, sai na ja ƙaramin sandan giyar nan na ƙarin gudu. Na manta ban taka ambirayaj ba, wato kuloci! Ƙarrr! Kamar ana niƙa tsakuwa. Na tsaya, na kashe motar. Ba kowa, ko tsuntsu.

Can sai ga wani dattijo Bafulatani da ƙwaryar nono. Ya leƙo ya ce, "Ina Mamman? Kullum nan yake tsaya mini."

Na ce, "Baba, Allah Ya yi masa rasuwa."

Ya ce, "Allah Ya jiƙansa. Da na ji kukan motar nan na san ba ƙafarsa ba ce." Ya miƙo nonon ya juya. Na ajiye ƙwaryar a kujerar gefena.

Na tayar da motar, na taka ambirayaj, na ja sandan. Ya shiga sumul! Na waiwaya in ce, "Yaya, ka gani?"

Ƙwarya ce zaune a kujerar.