Dodon da Na Zana a Kan Kwali

A gidanmu da ke kusa da Ƙofar Kuyambana, in damina ta kankama, ba mai raba mu da ɗakin girkin Kaka bayan an ci tuwo. Tana zaune a kan 'yar kujerarta tana juya masara a garwashi, mu kuma mun kewaye ta, har da 'ya'yan maƙwabta. Ba ta fara tatsuniya sai ta ce, "Ku gyara zama, baƙuwa ta iso." Mu ce, "A shigo da ita." Ni ne mai yawan katse ta da tambaya. Maigida take kirana saboda wasan jika da kaka, kuma kullum tana barazanar za ta sake miji in ban rage surutu ba.

Ina gab da gama firamare Yaya Bello, ɗan wan babana da ke karatu a Kongo, reshen jami'ar garinmu, ya zo hutu da wani wasa da ya koya wurin abokansa. Ana shimfiɗa kwali a tabarma, a zana gari da daji da kogi a kai. Kowa ya ɗauki murfin kwalbar lemo ya zama wani: wannan maharbi, wannan falke, waccan mai magani. Yaya Bello ke ba da labarin. In ka ce za ka haura katanga ko za ka harbi wani abu, sai ka jefa ƙwayar ludo a ga ko ka dace. Wasan ya shiga ranmu har ƙwallo muka daina bugawa.

Da yake ni ne mai ɓata bangon gida da gawayi, ni aka ba zanen kwalin. Gari da kogi ba su ba ni wahala ba. Dodon da ke ƙarshen daji ne ya tona min asiri. Na yi masa ƙaho, na fito masa da haƙora waje, na ƙara masa wutsiya. Ana shimfiɗa kwalin ƙanwata Rabi ta ce, "Yaya, wannan ba bunsurun Malam Idi ba ne?" Aka fashe da dariya, wasa ya watse. Na sake zanawa, aka ce kare ne mai ciwon haƙori.

Yaya Bello ya ce, "Ka ga, ranar Juma'a za mu ƙarasa labarin. In aka sake yin dariya zan yanko hoto a mujallar Turawa in manna, ka huta."

Maganar ta ƙona min rai. Na ƙudurce ba hoton da za a manna a kwalina, ko da zan ƙarar da gawayin gidan nan kaf.

Da yamma na je gaban Kaka da fensir da takarda kamar mai ɗaukar rahoto. Na ce, "Kaka, dodon nan naki, idonsa nawa? Baƙi ne ko ja?"

Ta ce, "Kai Maigida, wa ka taɓa ji ya tsaya ƙirga idon dodo kuma ya dawo gida ya ci tuwo?"

Sai a lokacin na lura duk shekarun da take ba mu tsoro da shi, ba ta taɓa faɗin kamanninsa ba. Ta miƙa wa Rabi masara, ta ce a gyara zama.

Wai a wani gari mai ganuwa akwai wani abu da ke zuwa yana ɗauke shanu. Manyan gari suka kira magini mai zanen bango, suka ce ya zana abin a jikin ƙofar gari don yara su san shi su guje shi. Magini bai taɓa ganinsa ba, sai ya bi mutane yana tambaya. Mahauci ya ce ƙaho gare shi, masunci ya ce fatarsa irin ta kada ce, wanzami ya ce gashi ya rufe masa fuska. Ya haɗa duka ya zana. Yara suka mai da wurin dandali, suna jifan hancin dodon da ƙwallon goruba. Tsoro ya fita daga ransu, har suka fara fita bayan ganuwa da yamma.

Magini ya ga aikinsa zai jawo a rasa ɗan wani, ya shafe zanen da laka. Da gari ya waye ya fita ya bi inda abin ya wuce. Ya tarar da sawu guda a taɓo, ruwan sama ya taru a ciki har akuya tana sha. Ya ga reshen rimi a karye can sama, inda tsani ba ya kaiwa. Ya ga igiyar saniya a tsinke, ragowarta na ɗaure a turke. Abin da ya dawo ya zana ke nan. Kaka ta rage murya ta ce, "Daga ranar ko leƙe ba yaron da ya sake yi."

Na ce, "To amma Kaka, yaya kamanninsa?"

Ta ce, "Ci masararka."

Da haushinta na kwanta. Amma washegari, ana ɗauke ruwa, na tafi bakin ganuwa na tsugunna ina kallon sawun shanu da na karnuka a taɓo. Na ga yadda gefen sawu ke tasowa, da yadda ruwa ke kwanciya a tsakiyarsa. Na zana na yage, na zana na yage, har Mama ta fara tambayar ina takardun littafin lissafina suke tafiya. Na farko ya fito kamar kwanon sha. Sai da na sa 'yar akuya a gefensa sannan ya yi girma, kuma a nan na koyi cewa abu ba ya zama ƙato a takarda sai ka ajiye ƙarami kusa da shi. Na roƙi mai shagon unguwa sabon kwali. Na zana sawun, na zana karyayyen reshe, tsakanin bishiyoyi kuma na murza gawayi da yatsa har wurin ya yi duhu, ban sa komai a ciki ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar na shimfiɗa kwalin. Ba wanda ya yi dariya. Wani yaron maƙwabta ya ce, "Ina dodon?" Yaya Bello ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya tura mujallarsa ƙarƙashin tabarma ya ce, "Yana nan. Jefa ƙwaya ka gani." Da layi ya zo kan Rabi ta damƙe murfinta a hannu ta ce, "Ni mai maganin nan ba za ta shiga ba wallahi. Ta koma gida."

Da gudu na kai wa Kaka kwalin don ta yaba min. Ta kawar da kai ta ce, "Ɗauke min, Maigida. Nawa yana nan tun ina yarinya, ban shirya musanya shi da naka ba." Na ji zafin wannan sosai, har na yi mata yajin magana.

Yau zane ne sana'ata, kuma masu shirya irin wannan wasa nake zana wa halittu. Na iya farce da fiffike da haƙori yanzu, ba mai kiran aikina bunsuru. Amma na daɗe kafin in gane abin da ta yi min ranar. Duk wanda ya zauna a bakin tabarma da nasa dodon yake zuwa, kuma nasa ya fi nawa ba shi tsoro. Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta, ba ta kalli zanena ko ɗaya ba. Har yau in na gama aiki sai na goge wani abu a ciki, don mai kallo ya sami inda zai ajiye nasa.