Ni Na Zuba Yashin, Shi Aka Kora

A shekarar da muka gama sakandare ni ne monitan ajinmu. Kada wani ya ɗauka don ƙoƙari aka ba ni. An ba ni ne saboda na fi kowa tsawo, kuma in na daka tsawa har 'yan ajin da ke kusa da mu sai su yi tsit. Babana ma'aikacin masaƙa ne, muna haya a unguwar Nasarawa, ɗaki biyu, mu bakwai. Karatu kam ba ya shiga kaina. Abin da na iya shi ne in malami ya fita in yagi takarda daga tsakiyar littafi, in rubuta sunayen masu surutu, in ya dawo in miƙa masa, in koma gefe ina kallo ana zane su. Ina jin daɗin aikin nan, ba zan ɓoye ba. Wanda ya saya mini ƙosai lokacin tara, sai in goge sunansa.

Benci ɗaya muke zama da wani yaro ɗan Filato. Babansa ya rasu, uwarsa tana gasa masara a bakin titi a unguwar Television. Ɗan tsurut ne, ga bakin tsiya, amma lissafi a wurinsa kamar shan ruwa. Shekara uku ina kwafar amsarsa. Yakan karkato mini takardarsa ya ce wai Monita in yi sauri, kuma in riƙa kuskure ɗaya ko biyu, don in na ci duka babu malamin da zai yarda. Yakan ce tsawona ne ya shanye mini ƙwaƙwalwa. Ni kuma ban taɓa sa sunansa a takarda ba, ko da shi ya fi kowa surutu. Haka muke.

Saura wata biyu jarrabawar fita, malamin Turancinmu ya tashe ni in yi karatu a gaban aji. Na yi ta in'ina. Mutumin nan ya kwaikwayi muryata, ya ce gara babana ya kai ni masaƙa in riƙa ɗaukar dila, tunda ƙarfi kaɗai Allah ya ba ni. 'Yan mata suka yi dariya har da dukan tebur. Malamin yana da sabon babur ja da yake ajiyewa ƙarƙashin mangwaron bayan ofis. Washegari, ana can filin ƙwallo, na cika aljihuna da yashi, na buɗe tankin mai na juye. Ko gida bai kai ba injin ya mutu.

Firinsifal ya tara mu a asambili ya ce aikin 'yan aji shida ne. Daga nan ya kira ni ofis, ya ce ni ne idon makaranta a ajin nan, in kawo masa suna zuwa ranar Juma'a, in ba haka ba ni zan tafi a madadin mai laifin. Kwana uku ina juya abin. Abokin zamana shi malamin yake sawa ya goge masa babur kullum, kowa ya saba ganinsa a gindin mangwaron. Na ce wa kaina bulala sha biyu za a yi masa a wuce wurin, ai ba za su kori wanda ya fi kowa lissafi ba. Ranar Juma'a da safe na yagi takarda kamar yadda na saba, na rubuta sunansa, yana zaune kusa da ni yana fiƙe fensir.

Korarsa aka yi. Uwarsa ta zo ranar Litinin, zaninta yana warin hayaƙi, ta durƙusa a gaban firinsifal a kan tsakuwa, tana cewa Baba ya taimaka, yaron nan shi kaɗai take kallo. Da ta ga ba za a sauya ba, sai ta miƙe ta kwaɗa wa ɗan nata mari a gaban makaranta duka. Ya shigo aji ɗaukar jakarsa, ya ture mini gwangwanin kayan lissafinsa gefena, ya ce in riƙe, na fi shi bukata. Ban ɗaga kai ba.

Ranar bikin sallamarmu aka ce kowa ya tashi ya faɗi abin da zai riƙa tunawa. Wannan ya tuna waken makaranta mai tsakuwa, wancan ya tuna ranar da iska ta yaye rufin ajinmu, 'yan mata suka yi kuka suna rungume juna. Babu wanda ya ambaci yaron nan. Ni kuwa aka kira ni gaba, aka ba ni agogon bango, kyautar ɗalibi mai riƙon amana. Babana ya rataye shi a ɗakinsa, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa. Da sakamako ya fito, na faɗi warwas, don babu mai karkato mini takarda. Na yi ɗaukar dilar da malamin ya faɗa har masaƙa ta rufe, na yi gadi, na yi kwandasta. Yanzu keke napep nake ja, ga mata ga 'ya'ya biyar.

Shekaru da yawa ina kauce wa wani layi a Television, don na ji abokin zaman nan nawa ya zama mai facin taya a can. Wata rana tayata ta fashe daf da rumfarsa, babu yadda zan yi. Kallo ɗaya ya gane ni. Ya ce a'a, Monita, ina gashin ya tafi, ko shi ma sunansa na rubuta aka kore shi? Na yi dariyar yaƙe. Daga nan na zama kwastomansa har shekara huɗu. Mukan yi hirar tsadar mai, da ciwon baya, da yara. Ban taɓa tayar da maganar yashin ba.

Bara 'yan ajinmu suka buɗe gurup a waya, wai za a yi taron cika shekara talatin da gamawa. Akwai lauya a cikinmu, akwai fasto, akwai wata Hajiya mai kwangila a Abuja. Kullum hotuna ne da tuna baya. Sai wani ya tuno labarin babur, ya ce ina injiniyan yashi yake yanzu, aka yi ta dariya. Shi abokin nawa ba ya cikin gurup ɗin, don an ce na waɗanda suka gama ne. Ranar ban iya cin abinci ba. Washegari na ajiye keke a gaban rumfarsa, taya lafiya lau, na faɗa masa komai.

Bai daina aikinsa ba. Yana tsoma robar taya a cikin bahon ruwa yana neman inda take kumfa. Ya ce ai ya sani tun ranar, don yashi ya zubo daga aljihuna a kan benci, shi ya share da hannunsa kada wani ya gani. Ya ce da aka kira shi ofis ya faɗa musu ni ne, firinsifal ya ce monita ba ya ƙarya, aka ƙara masa bulala shida wai don ya yi mini sharri. Na roƙe shi ya yafe mini. Ya ce shi nasa mai sauƙi ne, ya riga ya saba da rayuwarsa. Amma uwarsa ta rasu tana ganin shi ya zuba yashin, har a gadon asibiti tana tambayarsa me malamin nan ya yi masa. Ya ce in ina da hanyar da zan je in faɗa mata, to in je. In ba ni da ita, in faɗa wa ajin.

Na faɗa musu. Ranar taron, a zauren makarantar, bayan an gama jawabai, na tashi na ce ni na zuba yashin, ni kuma na rubuta sunan wani. Sai lauyan da ke shugabantar taron ya yi dariya ya ce haba Monita, ƙuruciya ce, wa bai yi ba. Fasto ya ce Allah ya riga ya yafe. Hajiya ta ce a sa shi a gurup kawai. Aka tafa mini, wai na yi jarumta, aka buɗe kulolin shinkafa. Minti biyar ba a yi ba an koma labarin wake mai tsakuwa. Na so a ce wani ya zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi.

Da yamma na ciro agogon nan, wanda na gada bayan rasuwar babana, na kai masa. Ya dube shi, ya dubi rumfarsa mai sanda huɗu da kwano a sama, ya ce Monita, a wane bangon zai rataye shi? Na dawo da abina gida. Yana ƙarƙashin gado.

Abin da na koya ba shi da daɗi. Gaskiyar da ka riƙe har ta tsufa, ranar da ka fito da ita babu wanda za ta yi wa amfani. Da na faɗe ta cikin kwana ukun nan, ni za a kora, ni da dama ba abin da zan ci a jarrabawar. Ku malamai, ku daina ɗora wa yaro takarda ku ce abin da ya rubuta shi ne hukunci, yaro mai tsoro ko sunan ɗan uwansa zai rubuta. Ku kuma yaran da za ku gama bana, da kuke ta ɗaukar hoto kuna rubutu a jikin rigunan juna, kafin ku watse ku dubi bencinku ku tuna wanda ya fara da ku bai ƙarasa ba, ku tambayi kanku yadda aka yi. In da hannunka a ciki, ka je ka faɗa yau, tun uwarsa tana da rai.